Yarona ya tambaye ni ko Kaduna ba ta da kulob, na rasa amsa

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a mayar da ita wasa, duk da na san halinku.

Da hutun nan ɗan ƙanwata ya zo mana daga Kano. Sa'an Khalifa ne, shekararsu goma-goma. Tun da yaron nan ya sauka daga mota a Kawo ba mu huta ba. In an zubo tuwo, "Sai Masu Gida," kirarin Kano Pillars. In ya zura wa Khalifa ƙwallo a tsakar gida, tsakanin takalma biyu da suka aje a matsayin raga, "Sai Masu Gida." Har ƙaramar 'yata da ba ta gama iya magana ba ta ɗauka. Jiya da daddare, bayan baƙon ya koma, Khalifa ya same ni ina cin abinci ya ce, "Abba, wai mu a Kaduna ba mu da kulob ne?" Wallahi loma ta tsaya min a wuya. Shekara ashirin ina bin Arsenal a gidan kallo, na san sunan golansu na uku, amma ban iya ba ɗana amsa a kan garin da aka binne cibiyata ba.

To na ƙudurta zan ɗora shi a kan ƙungiyar gida, mu riƙa zuwa fili tare. Sai dai wacce? Ranchers Bees? Kaduna United? Ko in haƙura in bi Pillars, tunda mahaifina Bakano ne, kuma dangi duk can suke? A ba ni hujja, ba ihu ba.

Ɗan Dabo:
Wa alaikumus salam. Ai ɗan ƙanwarka ya riga ya ba ka amsa, kai ne ba ka ji ba. Sai Masu Gida!

Mai Shayin Kasuwar Barci:
An fara. Mutum ya ce ba ya son ihu, Bakano ya buɗe da ihu.

Ɗan Dabo:
To ga hujja, tunda hujja ake so. An kafa Kano Pillars a 1990. Ta ci kofin firimiyar Najeriya a 2008, ta dawo ta ci sau uku a jere, 2012, 2013, 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Ahmed Musa daga nan ya tashi zuwa Turai. Rabi'u Ali Pele yana nan, yara sun girma sun yi aure suna kallon sa cikin riga ruwan ɗorawa. Ku kawo mai irin wannan a Kaduna in yi shiru. Baban Khalifa, kai fa jinin Kano ne, kada ka jefa yaro cikin wahala da hawan jini tun yana ƙarami.

Baba na Kakuri:
Yaro, ka ce an kafa ku a 1990. To a 1990 ɗin nan mu har mun je wasan ƙarshe na Afirka mun dawo, mun ɗauki kofin WAFU mun aje a kabad, mun kuma sayar da ɗan wasa Turai. Zauna ka ji.

Ni na yi aiki a masaƙa a Kakuri, daga can na yi ritaya ta dole. A zamaninmu ƙwallon Kaduna a hannun kamfanoni take. Ranchers Bees da kuke ji, asalin sunanta DIC Bees, ta kamfanin ƙera kayan soja ce da ke nan Kakuri. Daga baya Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta, sunan ya koma Ranchers Bees. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofunan ƙalubale na Afirka, wata ƙungiyar Tunisiya ta garin Bizarta ta sha da ƙyar. A 1989 ta ɗauko kofin WAFU na Afirka ta Yamma. Daniel Amokachi a nan ya fito, yana ɗan yaro, Westerhof kocin Najeriya ya gan shi ya tafi da shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, daga nan sai Beljiyam.

Masaƙar UNTL ma tana da tata ƙungiyar, kuma a can marigayi Rashidi Yekini ya fara kafin ya tafi Ibadan. Mutumin da ya riƙe raga yana kuka a Amurka a 1994, a garin nan aka haife shi.

Ranar wasa, in aka tashi daga aikin safe, ba ma komawa gida. A famfon bakin ƙofa za mu wanke fuska, audugar da ta maƙale a gashi ma ba ta gama fita ba, mu hau kekuna a jere mu tsallaka gada. Mai rediyo ya rataya rediyonsa a wuya, don a ji abin da ake ciki a Legas da Inugu. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana. Ka kai yaron wajen ƙudan zuma, wato Bees.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban san Yekini a UNTL ya fara ba. Na gode ƙwarai.

Sani Lamba Tara:
Baba, da girmanku, amma tuna baya ai roƙo ne. Yaro ɗan shekara goma ba 1988 zai kalla ranar Lahadi ba. Shi fa abin da ya gani da idonsa ya sani. In tarihi ne ma, mu 'yan Kaduna United namu ya fi kusa, kuma kofi ne a hannu, ba "mun kusa" ba.

2010, wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, da Enyimba, kuma Enyimbar da ta ci firimiya a shekarar. Aka tashi 3-3, aka je bugun fenareti muka ɗauke. Kocinmu Bature ne ɗan Beljiyam, Maurice Cooreman. Shekarar da ta biyo baya muka shiga gasar CAF ta Confederation har matakin rukuni. Efe Ambrose da ya je Celtic, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ɗanmu ne, a Kaduna aka haife shi, a United ya buga.

Kuma Ɗan Dabo, tunda ka ambaci Ahmed Musa: ƙwallo 18 ya ci a kaka ɗaya aka yi ta kiɗa. Kaka ta gaba Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 ya goge tarihin. Ka je ka tambaya.

Ɗan Dabo:
Na sani. To ina kuke yanzu?

Sani Lamba Tara:
Kai ma ai ka leƙa gasar gajiyayyu a 2022.

Ɗan Dabo:
Na leƙa na fito a 2023, kaka ɗaya tak. Ku tun 2014 kuka nitse. Kada ne ku kamar yadda ake wa United laƙabi, na yarda, amma ko kada yana fitowa shan iska.

Mai Shayin Kasuwar Barci:
Hahaha wannan ta shiga. Sani, sha ruwa.

Bazazzagi:
Ku bar Bakano da baki, shi ya gada. Ɗan Dabo, tambaya ɗaya zan maka. Kofin ƙalubale na farko da Pillars ta taɓa ɗauka a tarihinta, a wace shekara ne, kuma a wane fili? Bari in taimake ka kada ka sha wahala: 2019 ne, da Niger Tornadoes, a bugun fenareti, a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Shekara tara bayan Kaduna United ta ɗauka. Sai da kuka zo gidanmu aka sa muku albarka. Sannan da aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu korona, ina kuka yi gudun hijira? Nan dai. Ahmed Musa da ya dawo muku a 2021, a ciyawar Kaduna ya taka leda. Masu Gida a gidan haya!

Ɗan Dabo:
Bazazzagi ko ƙungiya ba shi da ita, amma ya fi kowa dogon rubutu. Ku dai a bar ku da karatu da turancin banza.

Malam Admin:
Jama'a a yi wasa da hankali, akwai manya a zauren. Wanda ya turo tallan riguna na goge, ba ranar talla ba ce. A koma kan tambayar Baban Khalifa.

Injiniya:
Ni ina ganin akwai abin da ya kamata a faɗa wa Baban Khalifa gaskiya kafin ya zaɓa, don kada yaro ya zo yana tuhumarsa nan gaba.

Matsalar Kaduna ba rashin 'yan wasa ba ce. Ku duba tawagar da ta ci zinare a Atlanta a 1996: Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, duk 'yan garin nan ne. Mutum biyar daga gari ɗaya. Matsalar ita ce ƙungiyoyinmu ba sa daɗewa a tsaye, saboda kowacce a jingine take da abu ɗaya. Na zamanin su Baba a jingine suke da kamfani, da masaƙu suka durƙushe sai ƙwallon ta bi su. Ta gwamnati a jingine take da kasafin kuɗi, in mai mulki yana son ƙwallo a ga haske, in hankalinsa na wani wuri a ji shiru. Ta ɗan kasuwa a jingine take da aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji shi ke nan.

Misali na kusa shi ne Kada City. Ta hau firimiya a 2019, muka yi murna, muka ce Kaduna ta dawo. Ba a je ko'ina ba aka sayar da gurbin, ya koma hannun wata ƙungiya ta jihar Delta. Ka yi tunanin ka saya wa yaro riga, ka koya masa waƙa, ya wayi gari ƙungiyar tasa ta zama ta wani gari mai nisan tafiyar yini guda. Me za ka ce masa?

Kuma ba laifin masu ƙungiya kaɗai ba ne. Tafiya wasan waje zuwa Aba ko Fatakwal da mutum talatin, mota, masauki, abinci, albashi, duk wata. Kuɗin ƙofa ba ya ɗaukar wannan, musamman a garin da kowa yake son ya shiga kyauta don ya san mai gadin ƙofa. Pillars ma ta gwamnati ce, amma bambancinta shi ne jama'ar da ke bayanta sun yi yawan da babu gwamnan Kano da zai iya barin ta ta mutu ya kwana lafiya. Mu a nan ƙungiya za ta faɗi, a yi tsaki a majalisa, a koma kallon Madrid.

Mai Shayin Kasuwar Barci:
Injiniya ya faɗi gaskiya mai ɗaci. A teburina in Barcelona na wasa sai na ƙara burodi. Ranar da ƙungiyar gida ke wasa kuwa ko wanda zai tambayi sakamako babu.

Tsohon Gola:
Bari in ƙara a kan maganar Injiniya, don ni na buga, ba labari aka ba ni ba. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, kuma ba a jihar nan take ba. Kaka biyu na tsare musu raga a rukuni na ƙasa. Kuɗin sa hannu da aka yi min alkawari har yau da nake wannan rubutu rabinsa na gani. Mun taɓa tafiya wasan waje motar ta mutu a daji, muka kwana a ciki, da safe muka ci burodi da ruwan leda muka shiga fili ƙarfe huɗu. Aka ci mu biyu, 'yan kallo na zagin iyayenmu wai mun sayar da wasa. Safar hannuna da kuɗina na saya, da ta yage da zaren ɗinkin takalmi na ɗinke ta.

Abin da ya sa na kawo wannan: duk wadda za ka zaɓa, Baban Khalifa, ka biya kuɗin ƙofa. Kada ka nemi alfarma. Kuma ka koya wa yaron kada ya zagi ɗan wasa, bai san da me ya karya ba.

Baban Khalifa:
Allah sarki. Allah ya saka maka, ya fitar maka da haƙƙinka. Na ɗauki wannan.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in sa baki, duk da zancen na maza ne a ganinku. Ni tambayata ba ta kofi ba ce. Wurin yana da aminci a kai yaro? Maigidana ya taɓa tafiya da babban ɗanmu kallon wasa a wani gari, ba zan faɗi inda ba ne, aka tashi wasa da jifa saboda alƙali ya ba da fenareti. Yaron ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya, idanunsa jajir saboda barkonon tsohuwa. Tun daga ranar na ce ƙafarsa ƙafata. Baban Khalifa, ka tambayi Maman Khalifa tukuna kafin ka tambayi 'yan zaure.

Sani Lamba Tara:
Hajiya, gaskiya ne yana faruwa, ba za mu ɓoye ba. Amma akwai dabara. A zauna a ɓangaren rumfa, ba bayan raga ba inda masu zafin kai suke taruwa. A je da wuri. In aka ga wasa ya ɗau zafi, saura minti goma a kama hannun yaro a fita. Kuma wasannin ƙananan rukuni ba su cika cunkoso ba, wani lokaci har muryar koci kana ji daga inda kake zaune.

Maman Ilham:
To wannan da sauƙi. Amma ranar babban wasa a bar yara a gida.

Bitrus na Sabo:
Maganar Hajiya ta tuna min da wasan Najeriya da Masar a watan Maris na 2016. Ina cikin filin Ahmadu Bello ranar. Mutane sun hau ƙarfen fitilu, sun hau allon sakamako, wasu a kan rufi kamar balbelu. Etebo ya ci, muka ɗauka an gama, Salah ya farke ana dab da tashi. Allah ne kawai ya kiyaye ranar. To ka ga ba son ƙwallo ne babu a garin nan ba. Garin da ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, ya sake karɓar ta 'yan ƙasa da 17 a 2009.

Amma ni abin da ya sa zan ce ka zaɓi ta Kaduna, ko wacce ce, daban ne da na kowa. Ni a Sabon Tasha nake, kai a Unguwar Dosa. Mu faɗa wa juna gaskiya, sau nawa ɗanka ya tsallako kogi ya yi wasa da ɗana? Mun san yadda garin nan ya rabu bayan rikice-rikicen da aka yi, kowa ya koma ɓangaren da yake jin zai yi barci da ido biyu a rufe. Ni a Tudun Wada aka haife ni, yau in na je unguwar baƙo ne ni. Wurin da ya rage da nake zama kafaɗa da kafaɗa da mutumin Rigasa, mu rungume juna ba tare da na tambayi sunansa ba, fili ne. Ranar Masar ɗin nan wani dattijo mai farin gemu ne ya riƙe min hannu ya ja ni sama da aka fara turereniya, ya raba min ruwansa. Ban sake ganinsa ba.

Pillars ƙungiya ce babba, ban raina ta ba. Amma ba za ta haɗa Khalifa da ɗana a benci ɗaya ba. Sunayen da Injiniya ya lissafa ma ku sake dubawa: Daniel, Tijjani, Garba, Celestine. Haka garin yake a da.

Baba na Kakuri:
Bitrus, Allah ya yi maka albarka. A masaƙa ma haka muke, layi ɗaya, kwano ɗaya. Ka sa na tuna abokaina da yawa, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Ɗan Dabo:
To ni yanzu me zan ce? Bitrus ya ɗaure ni da jijiyata. Amma dai a bar ni in faɗi ɗaya: rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shekarun da babu ƙungiyar Kaduna a firimiya, wa kuke zuwa kallo in ba mu ba? Lokacin da muke wasa a nan, 'yan Kaduna nawa ne suka sayi rigarmu?

Injiniya:
Wannan gaskiya ne, kuma Tornadoes ma ta yi zaman haya a nan, mun kalle ta. Amma uwar ɗaki in ta gama abin da ya kawo ta gida take komawa. Kano ta fi kilomita 200 daga nan. Baban Khalifa zai ɗauki yaro duk mako biyu ya bi hanyar Zariya saboda minti casa'in? Da kuɗin motar yanzu? Ƙarshenta zai koma bin Pillars a waya, kamar yadda yake bin Arsenal. To me aka canza?

Baban Khalifa:
Nan ka taɓa inda yake min ciwo, Injiniya. Abin da nake gudu ke nan. Ina son yaron ya ji ƙarar ƙwallo a ƙafar mutum, ya ji warin ciyawa, ya ga ɗan wasa yana haki a gabansa. In a waya ne ai yana da Yamal na Barcelona, rigar ma har ta koɗe don wanki.

To saura biyu ke nan. Ranchers ko United?

Auta:
Yaya, ni dai Ranchers. Ba don tarihin su Baba ba, ban ga ko ɗaya ba, 2003 aka haife ni. Don Sadiq Umar ne. Ɗan garin nan ne, ya ci tagulla da Najeriya a Rio a 2016, ya buga a Italiya, ya je Almeria da Real Sociedad a Sifen, kuma ya waiwayo gida ya zuba kuɗinsa a Ranchers Bees. Yaro kamar Khalifa zai gane wannan da sauri: ga wanda yake gani a talabijin yana karawa da Barcelona, ga kuma ƙungiyar da yake ɗawainiya da ita a garinsu. Ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Sani Lamba Tara:
Auta, ai abin da Injiniya ya gama faɗa ke nan. Aljihun mutum. Ranar da ya yi ritaya fa?

Auta:
United ta gwamnati kuma, ranar da aka canza gwamna fa? Kowacce da ranarta. Gara wanda ya san zafin benci da rashin albashi.

Sani Lamba Tara:
Ban ƙi ba. Ni dai United na gani da idona ta ɗaga kofi, ba zan sake ta ba ko a rukuni na nawa take. Amma ba zan ce a ɗora wa yaro nauyin da ni na ɗauka don kaina ba.

Bazazzagi:
Ikon Allah, yau ɗan United ya sallama. A rubuta ranar.

Sani Lamba Tara:
Ban sallama ba, tausayin yaro na ji.

Mai Shayin Kasuwar Barci:
Ni shawarata, kada ka zaɓar masa a ɗaki. Ka kai shi wasan wannan, ka kai shi na waccan, ka saya masa rake da gyaɗa, ka yi shiru ka ga inda zai yi tsalle. Ni ubana ɗan Mighty Jets ne na Jos, har ya rasu yana ba mu labarin kofin 1972, amma ko ɗaya daga cikinmu bai bi shi ba, don bai taɓa kai mu fili ba.

Baba na Kakuri:
Baban Khalifa, in za ku je na Ranchers ka sanar da ni. Ƙafa ta yi nauyi, amma in an samu mai ɗauka ta zan je. Akwai wani hoto da nake da shi, baƙi da fari, mu bakwai a bakin fili da kekunanmu, zan zo wa yaron da shi ya gani. Gefensa ɗaya gara ta ci, amma ana gane fuskoki.

Bitrus na Sabo:
Baba, ni zan ɗauko ku, hanyata ce. Zan zo da nawa yaron shi ma.

Baban Khalifa:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga yadda ake ciki. Na bi shawarar Hajiya na fara da uwar gida. Ta yarda, da sharaɗin rumfa, kuma mu dawo kafin magariba. Sannan na zaunar da Khalifa na karanta masa abin da Baba ya rubuta, da na Sani, da na Auta. Ya saurara tsaf. Tambayar farko da ya yi ita ce wai tsakanin kada da ƙudan zuma wa zai ci wani in suka yi faɗa. Na ce ban sani ba. Ya yi shiru, ya ce zuma, don kada ba ya iya tashi sama. To da Ranchers za mu fara, sai mu leƙa United daga baya kamar yadda Mai Shayi ya ce. Duk wanda ya fara jin ranar wasansu na gida ya sanar a nan.

Sai dai akwai matsala. Ƙanwata ta ji labari, ban san wanda ya kai mata ba. Ɗazu direban motar Kano ya kira ni daga tashar Kawo, wai an ba shi saƙo. Na je na karɓo, leda ce baƙa. Rigar Pillars ce ruwan ɗorawa, daidai jikinsa, har da sunansa a baya. Yanzu haka tana jikinsa, ya ƙi cirewa, wai da ita zai je kallon Ranchers.

Maman Ilham:
Kada ka kuskura ka bar shi ya shiga fili da ita!

Ɗan Dabo:
Allah ya yi wa wannan ƙanwa albarka. A ba ni lambar direban in aika da wando da safa.

Bazazzagi:
Baban Khalifa, ka bincika da kyau. Akwai ɗan leƙen asirin Kano a zauren nan, kuma duk mun san shi.